Birkat Hagomel: yadda Bayahude ke miƙa godiya a gaban jama'a bayan tiyata

A wurin Yahudawa, wanda aka yi wa tiyata ya tashi lafiya bai gama da maganar ba don kawai likita ya cire ɗinki ya sallame shi. Akwai sauran bashi a wuyansa, kuma ba a biyansa a cikin ɗaki. Sai ya tsaya a tsakiyar jama'a, aƙalla mutum goma, ya ɗaga murya ya karanta wata gajeriyar addu'a mai kalmomi 12, su kuma su amsa masa. Sunanta Birkat Hagomel, a baki kuma Gomel kawai ake cewa. Karanta ta ba ya cin rabin minti, amma tambayoyin da ke tattare da ita suna da yawa: wace irin tiyata ce ta kai a yi mata, yaushe za a ce mutum ya warke, wa za a sanar, a wane gurbi na ibada za a saka ta. A nan ne mutane ke tuntuɓe, kuma yawanci gaggawa ce ko jin nauyi ke jawowa.

Ga lafazinta da Ibrananci:

Barukh ata Adonai, Eloheinu melekh ha'olam, hagomel lahayavim tovot, shegemalani kol tov.

Ma'ana, yabo ya tabbata gare ka ya Ubangiji Allahnmu, Sarkin duniya, mai yi wa waɗanda ba su cancanta ba alheri, wanda ya yi mini dukkan alheri. Jama'a sai su ce amin, su ɗora da:

Mi shegemalkha kol tov, hu yigmalkha kol tov, sela.

Wato wanda ya yi maka dukkan alheri, ya ci gaba da yi maka dukkan alheri har abada. In mace ce ta karanta, ana juya kalmomi biyu su koma shegemalekh da yigmelekh. Littattafan addu'a ba su zo daidai da juna ba a ƙananan wurare. Mabiya Habad, wata ƙungiyar addini ta Yahudawa, suna cewa shegemalani tov ba tare da kol ba, Sefardawa kuma, wato Yahudawan da asalinsu Sifen ne da ƙasashen Larabawa, suna gabatar da ayar farko ta Zabura 111, wadda ke maganar gode wa Ubangiji da zuciya ɗaya a taron masu gaskiya. Abin da ya fi sauƙi shi ne mutum ya bi littafin majami'ar da yake tsaye a ciki. In zai yi bita a gida, ba ya ambaton sunan Allah kamar yadda yake a addu'ar, sai ya ce Hashem a madadin Adonai, ya ce Elokeinu a madadin Eloheinu, don kada ya kira sunan a banza.

Tushen hukuncin yana cikin Talmud na Babila, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa na dā, a littafin Berakhot shafi na 54. Rab Yahuda ya ruwaito daga malaminsa mai suna Rab cewa mutum huɗu ne godiya ta zama dole a kansu: wanda ya ƙetare teku, wanda ya ratsa hamada, wanda ya yi rashin lafiya ya warke, da wanda aka ɗaure a kurkuku ya fito. Daga Zabura 107 aka ciro su, inda kiran a gode wa Ubangiji saboda ƙaunarsa ya maimaitu sau huɗu, a aya ta 8, 15, 21 da 31. Sashen marasa lafiya, daga aya ta 17 zuwa 22, duk wanda ya taɓa jinyar mai tiyata zai gane shi nan take: ransu ya ƙi kowane irin abinci, sun kai bakin ƙofar mutuwa, suka yi kuka, aka aiko da magana ta warkar da su. Aya ta 32 ce ta kawo sharaɗin taro, domin ta ce a ɗaukaka shi a taron jama'a, a yabe shi a mazaunin dattawa. Daga nan Abaye, ɗaya daga cikin malaman Talmud, ya ce sai a gaban mutum goma, Mar Zutra kuma ya ƙara da cewa biyu daga cikinsu su zama malamai. Sharaɗin malaman biyu abin so ne, rashinsu ba ya hana a karanta.

Lokacin da Haikali ke tsaye a Urushalima, kafin Rumawa su rushe shi a shekara ta 70, irin wannan mutum hadayar godiya yake kaiwa, wadda Littafin Firistoci ya bayyana a sura ta 7. Tsarinta ne ke bayyana dalilin da ya sa Gomel ba ta yiwuwa a ɓoye. Bayan dabbar, mai hadaya yana kawo gurasa guda 40, iri huɗu, goma-goma: iri uku marasa yisti, ɗaya mai yisti. Firist ya ɗauki ɗaya daga kowane iri, saura 36 su koma hannun mai su. Sauran hadayun salama ana cin su kwana biyu da dare ɗaya, ita wannan kuwa yini ɗaya da darensa kaɗai aka ba ta, ba a barin komai ya kai safiya. Malam Naftali Berlin na Volozhin, wanda ya rasu a 1893, ya yi bayanin cewa da gangan aka yawaita abincin aka kuma gajarta lokacin. Mutum ɗaya da iyalinsa ba za su iya cinye dabba da gurasa 36 kafin gari ya waye ba, dole ya gayyato mutane, in sun zauna kuma dole su tambaye shi abin da ya faru. Ga fahimtata wannan bayanin shi ne mabuɗin duk ƙa'idojin da ke tafe.

Tambayar da ta fi yawa ita ce wace tiyata ce ta kai. Shulhan Arukh na Yusuf Karo, babban littafin dokokin addinin Yahudawa, wanda aka fara bugawa a Venis a 1565, ya ware wa wannan addu'a babi na 219 a sashen Orah Hayim. Shi a ganinsa duk ciwon da ya kwantar da mutum a gado ya tashi, a karanta, ko da ba mai hatsari ba ne. Musa Isserles na Krakow, wanda Ashkenazawa, wato Yahudawan da asalinsu tsakiya da gabashin Turai ne, ke bin sharhinsa, ya taƙaita abin ga ciwo mai hatsari, misali rauni a cikin jiki. Malaman baya, ciki har da mai Mishna Berura, wani sanannen sharhi a kan Shulhan Arukh, sun ambaci cewa wanda ciwo ya kwantar fiye da kwana uku shi ma ya shiga. A tsakanin Sefardawa kuma akwai masu bin ma'aunin kwana uku kamar Ben Ish Hai na Bagadaza, akwai masu cewa ko kwanciyar ba ta kai haka ba a karanta.

Tiyata ta zamani ta sauƙaƙa wannan saɓani a mafi yawan lokuta. Duk aikin da aka shiga cikin ciki, ƙirji ko ƙwaƙwalwa, kamar cire afendis ko matsarmama, gyaran ƙaba, aikin zuciya, aikin hanji ko ƙoda, ya faɗa ƙarƙashin raunin cikin jiki, don haka ɓangarorin biyu sun haɗu a kansa. Malam Eliezer Waldenberg na Urushalima, wanda ya daɗe yana amsa tambayoyin da suka shafi likitanci har rasuwarsa a 2006, yana cikin waɗanda suka yi hukunci da haka. Malamai da yawa na wannan zamani sun ɗauki maganin sa barci na gaba ɗaya a matsayin ma'auni, tunda mutum ya fita hayyacinsa kuma sau da yawa na'ura ce ke yi masa numfashi. Kada ƙanƙantar tabon ta ruɗi kowa. Aikin da ake yi ta ƙananan huji uku ko huɗu da kyamara, a sallami mutum washegari, har yanzu shiga cikin ciki ne kuma da barcin gaba ɗaya ake yin sa. In kuwa allurar baya aka yi wadda ke kashe rabin jiki, kamar yadda ake yi wajen sauya ƙugu ko gwiwa ko ciro jariri, sai a dubi girman aikin kansa, kuma waɗannan manyan ayyuka ne. Cire haƙori, yanke ɗan tsiro a fata, ɗinke ƙaramin rauni da allurar kashe zafi ta wurin kaɗai, galibi ba a karanta musu.

Tsakanin waɗannan akwai wuraren shakka: cire yanar ido, zura kyamara ta baki ko ta dubura da ɗan maganin gyangyaɗi, ɗebo ɗan nama don gwaji. A nan ana tambayar rabbi, wato malamin addinin Yahudawa, kuma a je masa da bayani na gaske: wane irin maganin barci aka yi, ina aka yanka, kwana nawa aka kwanta, me likita ya ce game da hatsarin. Dalilin taka-tsantsan shi ne ƙa'idar da ta ce in ana shakkar wajabcin addu'ar da ke ɗauke da sunan Allah, barinta ake yi. Mai shakka yana da mafita biyu masu kyau. Ko ya karanta ba tare da sunan ba, ya ce Barukh hagomel lahayavim tovot shegemalani kol tov, ko kuma ya nemi wani da ta wajaba a kansa tabbas, misali wanda ya dawo daga tafiyar teku, ya roƙe shi ya yi niyyar ɗauke masa, shi kuma ya saurara da niyyar ya ce amin. Dole a yi wannan magana kafin a fara, domin niyyar ɓangarorin biyu ake bukata.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi kowace ɓaci a hannun mutane. Shulhan Arukh ya ce ya kyautu kada a wuce kwana uku, amma wanda ya jinkirta yana iya karantawa duk lokacin da ya samu dama. Kuskuren shi ne fara ƙirga kwana ukun daga ranar tiyata ko ranar sallama. Ana farawa ne daga lokacin da mutum ya fita daga hatsari sarai, ƙarfinsa ya dawo, yana tafiya da kansa. Wanda aka sallama jiya, da robar fitar da ruwa maƙale a cikinsa, yana shan maganin zafi mai sa jiri, bai kai ba tukuna, kome ɗokinsa. Kuma akwai hikima ta zahiri a wannan jira. Matsalolin bayan tiyata, irin su ciwon ya kama ruwa ya yi ja, zazzaɓi, ɗinki ya buɗe ko jini ya daskare a jijiyar ƙafa, sau da yawa a mako na farko ko na biyu suke bayyana, bayan mutum ya koma gida. Abin tausayi ne a ga wanda ya yi godiya a bainar jama'a ranar Asabar an mayar da shi asibiti ranar Talata.

Wannan ba yana nufin a jira sai jiki ya koma yadda yake shekara goma da suka wuce ba. Wanda aka sauya wa gwiwa zai yi watanni yana zuwa motsa jiki a asibiti, wanda aka yanke wa wata gaɓa ba za ta dawo ba, wanda aka yi wa aikin zuciya zai ci gaba da shan magani. Duk waɗannan suna karantawa da zarar hatsarin ya wuce, sun koma harkokinsu gwargwadon sabon halinsu. In aikin kashi biyu ne da aka tsara tun farko, mafi yawa suna jiran na ƙarshe, kamar matafiyin da ba ya karantawa a zango sai ya isa inda za shi. Mai ciwon daji da aka yi wa tiyata sannan aka sa masa watannin magani a gaba, wasu malamai suna cewa ya karanta bayan ya murmure daga aikin, wasu suna cewa ya jira ƙarshen maganin. Wannan hukunci ne da ya kamata a yanke tare da mai ciwon, a dubi zuciyarsa, domin akwai wanda tsayuwa a gaban jama'a a tsakiyar jinya ke ƙara wa ƙarfi, akwai wanda ba zai iya furta kalmar ba sai an ce masa an gama. Ciwon da ke tafiya ya dawo kuwa, Shulhan Arukh ya faɗa a sarari cewa ana karantawa duk lokacin da aka tashi daga gare shi.

Al'ada ta haɗa Gomel da karatun Attaura, saboda a lokacin an tabbata mutum goma suna nan. Ana fito da naɗaɗɗen littafin ranar Litinin da Alhamis da safe, ranar Asabar safe da la'asar, da ranakun sabon wata, azumi da idi. Saboda haka wanda ya ji ya warke ranar Lahadi yana da Litinin, na Talata yana da Alhamis. Wanda damar Litinin ta kuɓuce masa, Mishna Berura ya ce ya karanta a gaban mutum goma ba tare da littafin ba maimakon ya jira Alhamis, ko da yake a aikace mutane da yawa suna jiran karatu na gaba, kuma ba a ce sun ɓata ba. Littafin ƙawa ne ga addu'ar, mutum goman su ne sharaɗi. Ana son a yi ta da rana, tunda da rana ake miƙa hadaya.

Game da goman, Mishna Berura ya ƙirga mai karantawa a cikinsu, wasu kuma suna son goma ban da shi. A majami'un Otodoks, masu riƙe da tsohon tsari, maza ne da suka kai shekara 13, a na ɓangarorin Konsabatif da Rifom masu sassauci ana ƙirga mata. Wanda ke zaune inda ba a samun goma yana iya jira har kwana 30. Wanda ba zai iya fita ba na tsawon lokaci, a tara masa mutanen a gida, wannan abu ne sananne kuma ba ya bukatar littafin Attaura. A lokacin annobar korona a 2020 wasu malamai a Amurka sun ba da izinin karantawa ta bidiyo kai tsaye, bisa hujjar cewa abin da ake nema shi ne jama'a su ji, amma ba kowa ya yarda ba, kuma in akwai halin haɗuwa ido da ido shi ne gaba.

Mataki na farko a aikace shi ne a sanar da gabbai, wato mutumin da ke tsara waɗanda za a kira zuwa karatu, kwana biyu ko uku kafin ranar. Kujerun kira ƙidayayyu ne: uku ranar Litinin da Alhamis, bakwai da ƙarin na rufewa ranar Asabar da safe. Na farko na zuriyar firistoci ne, na biyu na Lawiyawa, saboda haka a ranar aiki gurbi ɗaya tal ya rage wa sauran jama'a. Ango, yaron da ya kai shekara 13, da mai tunawa da ranar rasuwar mahaifi suna gaba da mai Gomel a jerin. Wanda ya zo bai sanar ba, ya tarar an raba, ba shi da dalilin ɓacin rai, domin addu'ar ba ta dogara da kira ba. Yana iya matsowa kusa da dandamalin karatu bayan an kammala, gabbai ya buga teburi don a yi shiru, ya karanta abarsa.

In an samu kiran, ga yadda abin ke gudana. Za a kira shi da sunansa na Ibrananci da na mahaifinsa. Ya hau dandamali, makaranci ya nuna masa inda za a fara da sandar nuni, ya taɓa wurin da gezar mayafin addu'arsa ya sumbace ta, ya riƙe sandunan littafin biyu, ya yi addu'ar buɗewa. Makaranci ya karanta aƙalla aya uku. Sai ya yi addu'ar rufewa, jama'a su ce amin, nan take ya ɗora da Gomel. Kuskuren da aka fi yi shi ne a saka ta kafin addu'ar rufewa saboda ruɗewa, ko a faɗe ta ƙasa-ƙasa yadda makaranci da gabbai kaɗai ke ji. In goma ba su ji ba, an rasa ainihin abin da aka zo yi. Wanda aka zura wa bututun numfashi a maƙogwaro yakan yi kwanaki muryarsa a dishe, to irin wannan gara a roƙi mutane su matso kusa. In kiransa shi ne na ƙarshe, wasu majami'u suna sa Gomel kafin Kaddish, addu'ar ɗaukaka sunan Allah da ake yi bayan karatu, wasu bayanta, gabbai ne zai faɗa. Bayan nan yana tsayawa a gefe har a gama wa na bayansa kafin ya sauka.

Jama'a su ma suna da aikinsu, kuma ba ƙarami ba ne. Sau da yawa za ka ga mutum ya karanta da hawaye a idonsa, sai amsar ta fito a warwatse, mutum uku sun sani, saura suna lalube a littafi. Gabbai mai lura yakan faɗi lambar shafi tun kafin a fara, ko ya ja amsar da ƙarfi kowa ya bi shi, ya kuma tuna musu in mace ce. Talmud ya nuna nauyin bakin jama'a da wani labari. Rab Yahuda ya yi ciwo ya warke, Rab Hana na Bagadaza da wasu malamai suka zo duba shi, suka yabi Mai Rahama da ya bar musu shi bai ba wa ƙasa ba. Ya ce amin, ya kuma gaya musu sun sauke masa nauyin godiya.

Jikin mai murmurewa shi ma a yi masa tanadi. Babban malami Musa bin Maimun ya ce a tsaye ake karantawa, amma wanda ke kan keken guragu ko mai jin jiri ya karanta a zaune ya wadatar. A duba ko dandamalin yana da matakala, a ajiye kujera kusa, a sa wani ya tsaya a gefensa. Wasu wuraren suna ba mai Gomel girmamawar ɗaga littafin Attaura sama bayan karatu in babu gurbin kira. Ga wanda aka yi wa aikin ciki, ƙaba, baya ko ƙirji wannan hatsari ne, domin littafin yana da nauyi sosai, ana ɗaga shi a buɗe da hannu biyu, likitoci kuma sukan hana ɗaukar nauyi na mako huɗu zuwa shida. Ya ce a'a ba tare da kunya ba, ya karɓi naɗe littafin da ɗaure shi ko buɗe akwatinsa. Ibadar Asabar da safe tana iya kai awa biyu zuwa uku, ta ranar aiki kuwa galibi ba ta kai awa ɗaya ba. Ga mai kiyaye Asabaci akwai ƙarin matsala, ba ya shiga mota, tura keke a titi kuma yana bukatar unguwar ta kasance da iyakar da ake kira eruv. Saboda waɗannan dalilai, a ganina Litinin ko Alhamis ta fi wa mai sabon ɗinki, ko da taron bai kai na Asabar cika ba.

Mata suna cikin wannan wajibi a asalin hukunci, ko da yake al'adu sun bambanta ƙwarai. A majami'un Otodoks da yawa mace tana tashi a sashen mata bayan karatu ta karanta da murya, maza su amsa daga nasu ɓangaren. A Urushalima da wasu wurare an saba tara goma a gida, musamman ga mai jego, ko da da dare ne. Akwai wuraren da miji ke karantawa a madadin matarsa, amma malamai da yawa ba su gamsu da wannan ba, kuma in za a yi, sai tana wurin tana ji ta ce amin. A majami'un da mata ke hawa karatu, tsarin ɗaya ne da na maza. Yara ƙasa da shekarun balaga, Ashkenazawa ba sa sa su karanta, saboda addu'ar tana kiran mai yin ta wanda ke da laifi a kansa, yaro kuwa ba a riƙe shi da laifi ba tukuna. Wasu Sefardawa suna koya wa yaro ya karanta. Iyayen da aka yi wa ɗansu tiyata sukan nuna godiyarsu ta walima da sadaka, ko a karanta Zabura 100 ko addu'ar yabo da ake kira Nishmat a taro.

Walimar godiya, wadda ake kira se'udat hodaya, ba wajibi ba ce amma tsohuwar al'ada ce. A Berakhot shafi na 46, Rabbi Zera ya kwanta ciwo, Rabbi Abbahu ya yi alkawarin in ya tashi zai yi wa malamai biki, ya kuma cika. Abin da ke mayar da cin abinci walimar godiya shi ne mai gayya ya tashi ya ba da labarin abin da ya same shi da yadda ya tsira, a karanta Zabura 107 ko 100, a ambaci likitoci, ma'aikatan jinya da waɗanda suka yi ɗawainiya. Ba a bukatar a faɗi sirrin ciwon, wanda ba ya son a san me aka yi masa yana iya cewa an yi aiki an tashi lafiya. Wasu suna ɗaukar nauyin ɗan abin taɓawa bayan ibadar Asabar a maimakon walima a gida, wasu suna maimaita ta kowace shekara a ranar. Mishna Berura ya ba da shawarar a ware sadaka a furta cewa a madadin hadayar godiya ce, a karanta sashen hadayar a Littafin Firistoci, a kuma gyara wani abu da jama'ar gari za su amfana da shi. An saba ba da kuɗin a ninkin 18, lambar da haruffan kalmar rai ke bayarwa a Ibrananci, wato 18, 36, 180 da sauransu.

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne jerin marasa lafiya. Tun kafin tiyata, dangi sukan ba da sunan mutum da na mahaifiyarsa a saka cikin addu'ar neman sauƙi da ake yi lokacin karatun Attaura, wani lokaci a majami'u uku ko huɗu a garuruwa daban-daban. Bayan an karanta Gomel, sai a bi kowace a gaya wa gabbai ya cire sunan, a kuma aika wa waɗanda suka karɓi nauyin karanta masa Zabura saƙo cewa ya tashi. In har yanzu akwai sauran magani a gaba, ana iya barin sunan, amma a faɗa musu halin da ake ciki don su san abin da suke roƙa.